Abin da Ke Bayan Karan Ɗori

Ƙannena maza da mata da kuka kama hanyar koyon aikin rumbun bayanai, akwai abin da na daɗe ina lura da shi a wurinku, kuma yana damuna. Za ka ga yaro ya raba dare yana koyon yaren SQL, ya iya haɗa tebur uku a tambaya ɗaya, ya san inda ake sa WHERE da inda ake sa HAVING. Amma layin da yake buɗe rumbun da shi, wato sunan manhajar da 'yan haruffan nan da ke bin bayan karan ɗori, kwafo shi ya yi daga wurin wani, bai taɓa tsayawa ya tambayi aikin kowane harafi ba. Ya haddace shi kamar yadda ake haddace lambar waya. Ni kuwa a shekarun da na yi ina wannan aiki, yawancin ɓarnar da na gani da idona daga wannan layin ta taso, ko dai daga harafin da aka sa ba a san aikinsa ba, ko daga wanda ya kamata a sa aka bari.

Zan gina maganata a kan psql, manhajar da ake magana da PostgreSQL da ita daga baƙin allo, don ita na fi sani. PostgreSQL ya samo asali ne daga aikin da Michael Stonebraker ya fara da ɗalibansa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1986, kuma a 1996 aka raɗa masa sunan da yake amsawa yau. Tsohon kayan aiki ne, hannaye da yawa sun bi ta kansa, kuma kusan kowane zaɓi da kuka gani a cikinsa akwai matsalar da ta sa aka ƙirƙiro shi. Lokaci zuwa lokaci zan leƙa wurin mysql da sqlite3, saboda da wuya ɗayanku ya yi shekara biyu a wannan sana'a bai taɓa su ba.

Bari in fara da abin da ya same ni. Na taɓa riƙe wa wata ƙungiyar manoma rajistar bashin taki. Idan kaka ta yi, aka gama karɓar biya, sai a kwashe sunayen waɗanda suka biya a kai su teburin ajiya, sannan a share su daga teburin masu bashi. Na rubuta wannan aiki a fayil guda, umarni biyu ne kawai: na farko ya kwafa, na biyu ya share. Na sa kwamfuta ta riƙa gudanar da shi da kanta cikin dare da psql -f da sunan fayil ɗin. Ya yi ta aiki lafiya lau. Ana nan sai aka buƙaci a riƙa rubuta lambar wayar kowane manomi, aka ƙara gurbi ɗaya a teburin masu bashi, ba a ƙara shi a teburin ajiya ba. A daren nan umarnin kwafa ya tashi zai zuba kaya, ya tarar gurabe ba su yi daidai ba, ya faɗi. psql ta rubuta saƙon kuskure a inda ba mai karantawa, ta wuce zuwa umarni na biyu, ta share. Da ta gama sai ta ba da rahoton cewa komai ya tafi daidai.

Ba mu sani ba sai bayan kwanaki, da wani dattijo ya zo ofis da rasit ɗinsa a naɗe cikin leda, yana neman takardar shaidar cewa ya biya don ya samu takin bana. Sakatare ya duba teburin masu bashi, babu sunansa. Ya duba na ajiya, babu. Dattijon nan ya zauna a kan benci ya ɗora hularsa a gwiwa, ya ce da sakataren, "Malam, ni dai na biya, ga takardarku nan." Bai ɗaga murya ba. Har yau ina tuna yadda yake shafa ledar nan da babban yatsa yana jira. Mun dawo da wani ɓangare daga kwafin ajiya na kwanakin baya, sauran kuwa sai da muka yi mako muna bin kwafin rasit na takarda ɗaya bayan ɗaya. Da ƙungiyar ta daina ajiye takarda kamar yadda wasu suka so, da mutane sun biya bashi sau biyu, ko kuma a ce sun yi ƙarya.

To, a ina matsalar take? Halin psql ne, idan ba a ce mata komai ba, in ta ci karo da kuskure a cikin fayil sai ta faɗa, ta ci gaba da na gaba. Wannan hali yana da amfani ga mutumin da ke zaune gaban allo yana gani, amma haɗari ne ga aikin da ke tafiya babu mai kallo. Maganinsa ɗan gajere ne: -v ON_ERROR_STOP=1. Da shi, kuskuren farko ne zai tsayar da ita cak. Da na sa wannan, da umarnin sharewa bai taɓa gudana ba. Sannan ku san cewa kowace manhaja idan ta gama aiki tana barin wata lamba da ke nuna yadda ta ƙare, kuma wannan lambar ce sauran manhajoji ke dubawa, ba sa karanta saƙon kuskure. A psql, 0 na nufin an gama lafiya, 1 matsala ce daga ita kanta kamar a ce ba ta ga fayil ɗin ba, 2 hanyar sadarwa da sabar ce ta katse, 3 kuwa kuskure ne a cikin fayil. Amma 3 ɗin nan ba ta fitowa sai an kunna ON_ERROR_STOP. In ba a kunna ba, ko umarni goma ne suka faɗi, 0 za ta bari. Abin da ya rufe mana ido ke nan.

Abokin tafiyarsa shi ne -1, lambar ɗaya, wanda cikakken sunansa --single-transaction. Ku ɗauke shi kamar ciniki a kasuwa: ana tayawa, ana ragi, ana auna kaya, amma kuɗi da kaya ba sa sauya hannu sai an ce an sallama, in kuma aka fasa kowa ya tashi da abinsa. Da -1, psql tana aika BEGIN kafin umarnin farko, ta aika COMMIT bayan na ƙarshe, in wani abu ya faɗi a tsakani sai a mayar da komai yadda yake tun farko. Mu da muke aiki a inda ake iya ɗauke wuta ko intanet ya yanke ana tsakiyar aiki, wannan harafi ya fi mana amfani a kan mutanen da suka ƙirƙiro shi. In layi ya katse kafin a kai ga COMMIT, sabar da kanta za ta watsar da rabin aikin. PostgreSQL yana da wata falala a nan: har ƙirƙirar tebur da sauya fasalinsa ana iya janyewa. A MySQL ba haka ba ne, da zarar an ba da umarnin ƙirƙira ko sauya tebur, abin da ya gabata ya tabbata ke nan. Sai dai akwai 'yan umarnin da ba sa shiga cikin irin wannan ƙulli ko a PostgreSQL, kamar VACUUM da CREATE DATABASE, su a keɓe ake gudanar da su. Ku riƙa haɗa -1 da ON_ERROR_STOP tare, ɗaya ya kare bayanan, ɗaya ya tona cewa an samu matsala.

Abin da nake so ya zauna muku shi ne, duk zaɓin da ba ku rubuta ba, ba a bar gurbinsa fanko ba, wani ya riga ya zaɓa muku. In ba ku sa -U ba, psql za ta ɗauki sunan da kuka shiga kwamfutar da shi. In ba ku sa -d ba, za ta nemi rumbu mai irin wannan sunan. In ba ku sa -p ba, ƙofa ta 5432 za ta ƙwanƙwasa. In ba ku sa -h ba, sabar da ke cikin injin da kuke kai za ta nufa. Kafin duk wannan ma, tana duba ko an ajiye mata PGHOST ko PGDATABASE ko PGUSER a muhallin da take gudana, kuma mai yiwuwa wani ne ya ajiye su watanni da suka wuce ya manta. Saboda haka layi ɗaya tak, harafi bai sauya ba, zai iya kai ka rumbun gwaji a kwamfutarka, ya kai abokin aikinka rumbun gaske a tasa.

Kada ku ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana ta fama cikin dare da sabar PostgreSQL ta biyu, wadda ta kasa bin sawun ta farko. Ya yanke shawarar share ma'ajiyar ta biyun don a sake cika ta daga tushe. Ya ba da umarnin, ashe a kan ta farko yake. Sunayen injinan biyu lamba ɗaya ce ta raba su, db1 da db2. Cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu ya farga ya tsayar, amma kusan gigabait 300 sun riga sun tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar babu, domin pg_dump da ke ɗaukar kwafin na zubin 9.2 ne, rumbun kuwa 9.6, ya daɗe yana faɗuwa, saƙonnin imel da ke sanar da faɗuwar kuma ba sa isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin lamarin, kuma abin da mutane suka yi cikin waɗannan awowi shida ya salwanta. Ba da psql aka yi sharewar ba, amma ciwon iri ɗaya ne da nawa: umarni ya sauka a inda ba nan aka nufa ba, kuma wani aiki yana faɗuwa a ɓoye. Na yaba wa kamfanin da ya fito fili ya rubuta duk abin da ya faru bai ɓoye ba, don da irin wannan ne na baya ke koyo.

Don haka ku rubuta -h da -d da -U da hannunku duk lokacin da za ku taɓa rumbun gaske, ko da kun tabbata ba sai kun rubuta ba. Da kun shiga, ku buga \conninfo, za ta gaya muku wane rumbu kuke ciki, da wane suna, a kan wane inji. In karatu kawai ya kawo ku, ku ɗaure hannunku tun daga ƙofa: a PostgreSQL ana iya sa PGOPTIONS='-c default_transaction_read_only=on' a gaban layin, a sqlite3 kuma akwai -readonly. Wanda ya shiga da wannan, ko yatsansa ya zame, rumbun zai ƙi karɓar rubutu.

Wani tarkon kuma shi ne ɗaukar harafin wannan manhaja a kai wa waccan. A psql, ƙaramin -p lambar ƙofa ce. A mysql, ƙaramin -p kalmar sirri ce, ƙofa kuwa babban -P ne, lambarta 3306. Mutumin da ya saba da psql in ya rubuta mysql -p 3306, za a tambaye shi kalmar sirri, sannan a ce masa babu rumbu mai suna 3306, ya zauna yana mamaki. A psql babban -U sunan mai shiga ne, a mysql ƙaramin -u ne, babban -U kuwa wani abu ne dabam. Umarni guda da psql ke karɓa da -c, mysql da -e take karɓarsa, alhali -e a psql nuna tambayoyin da ake aikawa kawai yake yi. Har halinsu game da kuskure ya saɓa: mysql in tana karanta fayil takan tsaya a kuskuren farko sai an ce mata --force, psql da sqlite3 kuwa wucewa suke yi, ita sqlite3 da -bail ake tsayar da ita. Shawarata, a duk fayil da wani zai karanta bayanku, ku rubuta dogon suna: --host, --port, --dbname. Ya fi tsawo, amma wanda zai gaje ku ba sai ya yi canke ba.

Wancan babban -U na mysql ya cancanci a tsaya a kansa. Sunansa --safe-updates, kuma yana da wani laƙabi, --i-am-a-dummy, wato mutum yana cewa shi wawa ne. Na ga matasa suna ƙin amfani da shi saboda wannan suna, kuma hakan yana ba ni takaici. Abin da yake yi shi ne ya ƙi gudanar da UPDATE ko DELETE da ba a kafa masa sharaɗi da mabuɗin tebur ko iyakar layuka ba, ya kuma taƙaita abin da SELECT zai kwaso zuwa layi 1,000. Duk wanda ya taɓa danna Enter kafin ya rubuta WHERE, ya ga an sauya tebur gaba ɗaya, ya san darajarsa. psql ba ta zo da irinsa ba, don haka a can sai ka yi wa kanka: ka rubuta BEGIN, ka ba da umarnin, ka dubi lambar da ta fito. In mutum goma sha biyu ka nufa ka ga DELETE 12, ka sallama. In ka ga dubbai, ka rubuta ROLLBACK ka gode wa Allah.

Game da kalmar sirri, kada ta taɓa hawa layin umarni. Abin da ka buga a can yana zama a fayil ɗin tarihin umarninka, kuma a injina da yawa duk wanda ke ciki zai iya ganin layin da umarnin ps yayin da yake gudana. mysql da kanta tana gargaɗi in ka yi haka. Masu psql ba su ma ba ta harafin karɓar kalmar sirri ba, -W tambaya kawai yake sa ta yi. Wurin ajiyarta shi ne fayil ɗin .pgpass, kuma a Linux in ba ka kulle shi da chmod 0600 yadda kai kaɗai ke iya karantawa ba, psql za ta yi kamar ba ta gan shi ba. Amanar mutane ce a cikin rumbun nan, sunayensu da bashinsu da cutarsu, ba taka ba ce da za ka bar mabuɗin a bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman, wanda littattafan da kuke koyo da su ba za su faɗa muku ba. Sunayenmu cike suke da alamar ɗauri: Sa'adu, Asma'u, Mas'udu, Jama'are, Jema'a. A SQL wannan alama ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. In ka rubuta 'Sa'adu', rumbun zai ɗauka sunan ya ƙare a Sa, sauran ya zama shirme. Ana gyarawa da ninka alamar, 'Sa''adu', amma in ka cusa wannan a cikin -c, shi ma baƙin allon yana da tasa fassarar alamar, ya cinye wasu kafin su isa. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ka ba psql sunan da -v suna="Sa'adu", a cikin fayil kuma ka rubuta :'suna', ita za ta yi ninkin yadda ya dace. Ku lura, wannan ba ya aiki a cikin -c, sai da -f ko a turo mata umarnin ta bututu. Kuma ƙofar da Sa'adu ke karya tambaya ta cikinta, ita ce dai ƙofar da ɓarawo ke shigo da nasa umarnin. In sunan Asma'u ya rikita manhajarka, to ka san a buɗe take.

Haka nan haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Tsohon tsarin latin1 bai san su ba. In mysql ta haɗu da sabar a kan wannan tsari, Ɗanjuma zai fito ?anjuma, Ƙaraye ta fito ?araye, in kuma ka adana wannan sakamakon ka watsar da na asali, ba mai iya gane wane harafi ne a wurin sai wanda ya san sunan. Ku sa --default-character-set=utf8mb4. A psql ku duba da \encoding, ku tabbata UTF8 ne. Na fi son halin PostgreSQL a nan, domin in harafi ba shi da gurbi a tsarin da aka nema, tsayawa yake ya ce ba zai iya ba. Harshen da baki da baƙi ba ɗaya ba ne, kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, bai kamata 'ya'yansa su yi sakaci da wannan ba.

Sauran zaɓuɓɓukan na fasalin sakamako ne, ba sai na daɗe a kansu ba. Teburin da psql ke zanawa da layuka don idon mutum ne. In wata manhaja ce za ta karanta, -A yana cire jeren, -t yana cire kanun da ƙidayar ƙasa. In fayil za ka kai wa mai Excel, yi amfani da --csv, wanda ya shigo a zubi na 12 a 2019, kada ka ce za ka raba da waƙafi da kanka ta -F, domin adireshin farko mai waƙafi a ciki zai wargaza maka gurabe. Sai -X, wanda ke hana psql karanta fayil ɗin .psqlrc, inda kowa ke ajiye saitin da ya fi so. Saitin da ke maka daɗi da rana zai iya cusa layukan da ba a nema ba a cikin aikin dare. Kafin zubi na 9.6, -c da kansa yana hana karanta wannan fayil, yanzu ya daina, shi ya sa wasu tsofaffin misalan da za ku kwafo ba su da -X.

Harafi ɗaya da nake so kowane ɗan koyo ya yi abota da shi shi ne babban -E. In ka shiga da shi ka buga \d da sunan tebur, psql za ta nuna maka ainihin tambayoyin da take aika wa sabar don ta gano fasalin teburin. Ƙwararru ne suka rubuta su, kuma ga su kyauta. Da shi na koyi yadda rumbun ke ajiye labarin kansa, fiye da abin da na koya a kowane aji. Haka kuma psql --help bai wuce abin da za ka karanta kafin shayinka ya huce ba, man psql kuma ya fi shi zurfi, dukansu suna cikin kwamfutarka, ba sa cin data.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ga abin da nake so ku yi yau a rumbun gwaji. Ku ƙirƙiri ɗan tebur, ku zuba masa layi biyar. Ku rubuta fayil mai umarni biyu, na farko ku ɓata sunan teburin da gangan, na biyu ya share layi ɗaya. Ku gudanar da psql -f kawai, sannan ku buga echo $? ku ga lambar da ta bari, ku ƙirga layukan da suka rage. Za ku ga 0, za ku ga huɗu. Ku mayar da layin da ya tafi, ku sake gudanarwa da wannan, wanda shi ne layin da nake amfani da shi tun bayan zuwan dattijon nan:

psql -X -1 -v ON_ERROR_STOP=1 -h sunan_inji -U sunanka -d sunan_rumbu -f aiki.sql

A wannan karon echo $? zai ba ku 3, layukanku biyar kuma suna nan yadda kuka bar su.